Asaimen ɗin ɗan SS2 da ya rage wa gonar kawunsa fuloti ɗaya da rabi

Aikin da aka ba su ba wani mai tsawo ba ne, layi uku ne kawai a allo. Kowa ya nemi fili ko gona mai gefe huɗu a garinsu, ya auna da kansa, ya zana, ya fitar da girmanta a sukwaya mita, waɗanda kuma ke ɗaukar Foda Mas, darasin ƙarin lissafi, su sake tabbatar da amsar ta hanyar bekta, wato layi mai tsawo da alƙibla da ake rubutawa da lambobi. Yawancin 'yan ajin wayo suka yi, wani ya ɗauki filin ƙwallo, wani fulotin unguwarsu mai ƙafa 50 da 100, tsawo sau faɗi an gama an rufe littafi. Shi wannan yaron da ke zuwa lesin wurina da yamma sai ya ɗauko wa kansa aiki, ya zaɓi gonar shinkafar da kawunsa ya karɓa haya a fadamar Argungu don noman rani. Watan Janairu ne, an gama gyaran fangali ba a kai ga dashe ba, don haka ana iya shiga a ja tef ba tare da an taka wa mutum shuka ba.

Ga abin da ya auno, na ɗan cike lambobin don lissafin ya yi daɗin bi, rarar ba ta kai mita guda ba a kowane gefe. Gefen kudu wanda ke bin hanyar ruwa mita 105. Gabas 65. Arewa ɗan guntu ne, 35. Yamma 75.

Kafin ma ya iso wurina kawun ya riga ya ba shi amsa, kuma ita ce amsar da dillali ya yi amfani da ita ranar da aka yanke kuɗin haya. Ka haɗa kudu da arewa ka raba biyu, 105 da 35 ya ba ka 70. Ka haɗa gabas da yamma ka raba biyu, 65 da 75 shi ma 70. Sai ka ninka, 4,900. Hekta guda sukwaya mita 10,000 ce, to ka ga saura ƙiris rabin hekta, dillali ya ce a cike kawai, aka biya kuɗin rabin hekta kowa ya tashi yana murna. Yaron dai hankalinsa bai kwanta ba saboda ya duba littafinsa kaf bai ga wannan fomula ba, tambayar da ya zo da ita ita ce, Malam wace fomula ake sa wa irin wannan siffar, ba sukwaya ba ce ba rektangul ba ce.

Wannan tambayar ita ce ciwon yaranmu. An saba musu da siffofi masu suna, a zana a allo tsaf a rubuta fomula a ƙasa, in abu bai da suna shi ke nan sun tsaya cak. Gona kuwa ba ruwanta da suna, inda ruwa ya bi da inda maƙwabci ya tsaya nan iyakarta take.

Na ce masa a yanzu dai babu fomular da za ta ba ka amsa, don awon naka bai cika ba. Bai yarda ba, ya ce ai gefe huɗu ne kuma duk huɗun ya auna. Sai na sa ya samo karan dawa muka yanka gida huɗu, santimita 21, 13, 7 da 15, wato kowane gefe an raba shi da 5, muka soke bakunansu da ƙaya muka haɗa. Na ce riƙe kwana biyu masu kallon juna ka matsa. Abin ya lanƙwashe, ya buɗe, ya tsuke, karan ko ɗaya bai ƙara tsawo ba amma filin da ke tsakiya yana ta canzawa a hannunsa. Da a ce kara uku ne ba zai motsa ba, alwatika in ka san gefenta uku ka gama saninta. Gefe huɗu kuwa sai ka ƙara awo na biyar, ko dai kusurwa guda ko layin da ya ratsa daga kwana zuwa kwana. Kusurwa a fadama wahalar aunawa gare ta in ba kayan safiyo kake da su ba, layin ratsawa kuwa tef ne kawai da haƙuri.

Ya koma ranar Asabar da abokansa. Tef ɗin mai mita 50 ne don haka sai an kafa sanda a tsakiya, ɗaya ya tsaya a kwanar kudu maso yamma yana hango ta arewa maso gabas yana cewa matsa dama matsa hagu har sandar ta shiga layi, in ba haka ba layin ya karye kuma awon ya fi gaskiya tsawo. Suka samu mita 100.

Daga nan aiki ya zama na alwatika biyu. Mu kira kwanar kudu maso yamma A, kudu maso gabas B, arewa maso gabas C, arewa maso yamma D. Babbar alwatika ABC gefenta 105, 65, 100. Ƙaramar ACD gefenta 100, 35, 75. Fomular da ake kira da sunan Heron, mutumin Iskandariya ta Masar da ya rayu a ƙarni na 1 miladiyya, ba ta neman tsayi ba ta neman kusurwa. Ka haɗa gefen uku ka raba biyu, ka cire kowane gefe daga wannan rabin, ka ninka su duka har da shi rabin, ka ɗauki sukwaya rut. A babbar rabin zagaye 135 ne, saura 30, 70 da 35, ninkinsu 9,922,500, rut ɗinsa 3,150. A ƙaramar rabin zagaye 105, saura 5, 70 da 30, ninkinsu 1,102,500, rut 1,050. Jimla 4,200.

Ya danna kalkuleta ya sake dannawa, yana ganin ko yatsa ne ya zame. Tazarar 700 ce tsakaninsa da kawunsa. Don mutum ya gane girman 700, fulotin gari mai ƙafa 50 da 100 wajen sukwaya mita 465 ne, kenan fuloti ɗaya da rabi ne ya ɓace. Gonar ashe da kaɗan ta wuce eka guda, don eka 4,047 ce.

Ɓangaren bekta nan ne ya fi shan wuya kuma nan ne abin ya fi daɗi. Na ce ya ajiye A a sifili da sifili, ya kwantar da gefen kudu a kan layin x, sai B ta zama (105, 0). C ba mu san inda take ba amma mun san nisanta daga A 100 ne daga B 65. Ka kira wurinta (x, y), ka rubuta Fitagoras, ƙa'idar alwatika mai kusurwa digiri 90, sau biyu ka cire ɗaya daga ɗaya, y ta fita da kanta, ya rage 210x daidai da 16,800, x ta zama 80, y kuma 60. To C tana (80, 60). Ya yi wa D irin wannan, nisanta daga A 75 daga C 35, bayan cirewa ya samu 4x da 3y sun ba da 360, ya mayar cikin ta farko sai ga kwadiratik, sai ga amsa biyu: ko (45, 60) ko (70.2, 26.4). Nan ya tsaya ya ce Malam lissafin ya lalace, kwana ɗaya ba za ta zauna wuri biyu ba.

Bai lalace ba. Duka biyun nisansu daga A 75 ne daga C 35, ɗaya tana wannan gefen layin ratsawa ɗaya tana wancan. Na ce ɗora su a zanenka. Ta biyun ta faɗa cikin babbar alwatika, wato gonar da gefenta ya lotsa ciki, kuma da ita ce gaskiya da sai a cire 1,050 maimakon a ƙara, gona ta koma 2,100. Lambobi biyar ɗin nan ba za su gaya maka wacce ce ba, wanda ya je gonar ya gani da idonsa shi zai zaɓa. Shi ya sa kullum nake faɗa da masu tsallake zane su tafi kai tsaye ga fomula.

Da ya ɗauki (45, 60) sai wani abu ya fito wanda ba wanda ya lura da shi a gonar. Bekta daga D zuwa C ita ce (80, 60) a cire (45, 60), wato (35, 0). Bekta daga A zuwa B kuma (105, 0). Ta farkon kashi ɗaya cikin uku ce ta biyun cif, ma'ana gefen arewa da na kudu alƙibla ɗaya suke bi, ba za su taɓa haɗuwa ba. Tirafiziyam ce ashe, siffa mai suna wadda ya sani tun JS. Kuma da dalili, iyakar arewa 'yar hanyar ƙafa ce da ke bin hanyar ruwan daga nesa. Tazarar da ke tsakanin gefen biyu mita 60, matsakaicin tsawo 70, ka ninka 4,200. Ya ƙara da hanyar da malaminsu ke so, ya ɗauki bektocin layukan ratsawa biyu, AC (80, 60) da BD (-60, 60), ya ninka su a gicciye, 80 sau 60 a cire 60 sau -60, ya ba da 8,400, rabinsa 4,200. Hanya uku amsa ɗaya.

A nan kuma ake ganin ainihin inda lissafin dillali ya kauce. Sabba'in ɗinsa na farko daidai ne. Na biyun ne matsala, ya ɗauki gefen gabas da yamma a matsayin faɗin gona alhali a karkace suke tafiya. Kamar tsani ne da aka jingina da katanga, tsawon tsanin daban tsayin katangar daban, kuma kullum tsanin ya fi. Gefen yamma mita 75 ne amma ya kwanta, kusurwarsa da kudu wajen digiri 53 ce, abin da ya ci zuwa arewa 60 ne kacal, sauran ya tafi gabas. Goma ɗin da ke tsakanin 70 da 60, ka ninka da 70, ga 700 ɗinka nan.

Kawun da kansa ya zo wurina bayan la'asar, da takardar a hannu a nannaɗe. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, tun kakanninmu haka aka awon hili. Yaron ga da anka haihwa gabana shi ka gaya min gonata ta rage? Ko dai teh ɗin nasu na da matsala?" Na ce Baba gona ba ta rage ba, yadda kuka karɓe ta haka take, lambar da aka rubuta mata ce ta fi ta girma.

Maganar tef ɗin ba wasa ba ce, don yara ne suka ja shi cikin laka, sai muka gwada. In layin ratsawa 98 ne ba 100 ba, girman ya zama wajen 4,224. In 102 ne, 4,156. Ko a ce sun yi mugun kuskure ainihinsa 80 ne, sai ma ya sauka zuwa 3,906. Ba inda ya doshi 4,900. Akwai ma abin da ya rufe maganar gaba ɗaya. Wani masani ɗan Indiya, Brahmagupta, a shekarar 628 ya ba da fomular siffa mai gefe huɗu wadda kwanoninta duka ke zaune a kan da'ira guda, kuma sananne ne a lissafi cewa wannan zaman shi ne mafi girman filin da gefe huɗu za su iya riƙewa. Rabin zagayen gonar 140 ne, ka cire kowane gefe ka samu 35, 75, 105 da 65, ka ninka ka ɗauki rut, wajen 4,233. Kenan ko ya aka juya waɗannan gefuna huɗu, ko waye ya ja tef, ba za su taɓa riƙe 4,900 ba. Na miƙa masa karan dawan nan na ce buɗe shi iya buɗewa Baba. Ya jujjuya ya yi shiru, can ya ce, "To dillalin ga cuta ta yay yi kenan."

Ni ban ɗauka cuta ba ce, kuma na faɗa masa haka. Wannan hanya ta haɗa gefe da gefe a raba biyu tsohuwa ce ƙwarai, a rubutun bangon haikalin Edfu a Masar, ginin zamanin kafin haihuwar Annabi Isa, da ita aka lissafa gonakin haikalin. In gona ta kusa zama rektangul kuskurenta kaɗan ne ba wanda zai damu, shi ya sa ta daɗe. Abin da dai ya kamata mai karɓar haya ko mai saye ya sani shi ne kuskuren nata gefe ɗaya yake faɗawa. Girman gaskiya ana samunsa ne in ka ninka kowane gefe biyu masu maƙwabtaka da sayin (sine, lambar da kalkuleta ke bayarwa ga kowace kusurwa) na kusurwar da ke tsakaninsu, ka haɗa huɗun ka raba da 4. Hanyar dillali ita ce wannan ɗin sak, sai dai ta ɗauka kowane sayin 1 ne, wato kowace kwana digiri 90. Sayin kuwa ba ya wuce 1. Don haka ko ta faɗi daidai ko ta ƙara, ba ta taɓa ragewa, kullum mai gona take yi wa aiki ko da shi mai gonar bai sani ba. A wannan gonar, duk naira bakwai da aka lissafa a kan 4,900, ɗaya ta tafi ne a kan ƙasar da babu ita, ban da ɗarin da aka cike.

Kuma ba haya kaɗai ba. Iri da taki da maganin feshi duk da hekta ake faɗin adadinsu, tun shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 manoman shinkafa suka ƙara sabawa da a tambaye su hekta nawa kafin a ba su kaya. Mutum yana zuba takin rabin hekta a eka guda, in an yi girbi kuma ya ƙirga buhuna ya gwada da na maƙwabci mai rabin hekta na gaske ya ce ƙasarsa ce ta gaji.

Wani matashi a wurin ya ce ai da waya ake yi yanzu, ka zagaya gona manhaja ta ba ka lamba. Ana yi, kuma a babbar gona tana taimakawa. Amma GPS na waya yana iya kaucewa da 'yan mitoci, zagayen wannan gonar kuma mita 280 ne, in ka kauce mita 2 kacal waje a duk zagayen ka ƙara wajen 560, ka kusa komawa inda dillali ya tsaya. A ƙaramar gona ni tef na fi yarda da shi.

Mai gonar bai mayar da ko sisi ba, ya ce ciniki ya riga ya faɗa kuma gona aka nuna aka karɓa, ba takarda ba. Kawun bai ja ba. Sun dai tsaya a kan in za a sabunta baɗi, a kan eka za a yi magana.

Sai ga wata rigimar da ba ta cikin asaimen. Kawun da ƙanensa suka haɗa kuɗin hayar rabi da rabi, kuma niyyarsu su raba gonar kowa ya dasa nasa. Shirin da suka yi shi ne a nemo tsakiyar gefen gabas da tsakiyar gefen yamma a ja igiya, ɗaya ya ɗauki kudu ɗaya arewa, tunda ai tsakiya tsakiya ce. Yaron ya zauna ya buga. Igiyar za ta yi mita 70, kowane ɓangare tsayinsa 30. Na kudu matsakaicin 105 da 70 sau 30, wato 2,625. Na arewa matsakaicin 70 da 35 sau 30, wato 1,575. Bambancin 1,050, kuma mai babban rabon shi ne a bakin ruwa, ƙanen da aka tura arewa ga ƙaramin rabo ga ƙarin tiyo da man inji kafin ruwa ya kai gare shi. In lallai sai an yanka ta wannan fuskar, igiyar sai ta sauko ta zama mita 78 da ɗan kai, tazararta daga kudu kusan 23, wanda a kan gefen yamma ya kama wajen mita 28 da rabi daga kwana, a gefen gabas kusan 25. Yana yiwuwa, sai dai na arewa har yanzu ba shi da bakin ruwa.

Yankan da ya fi sauƙi shi ne ta ɗaya fuskar, kuma nan tirafiziyam ɗin da bekta ta tono ta yi rana. Tunda kudu da arewa alƙiblarsu ɗaya, ka kafa turke a tsakiyar kudu, mita 52 da rabi, ka kafa wani a tsakiyar arewa, 17 da rabi, ka ja igiya. Kowane ɓangare matsakaicin tsawonsa 35, tsayi 60, wato 2,100 cif, kuma kowa ya samu bakin ruwa daidai da ɗan'uwansa. A ido ba su yi kama ba ko kaɗan, na yamma ya kwanta na gabas ya fi miƙewa, ƙanen ya daɗe yana zagayawa yana kallo kafin ya yarda. A gonar da gefenta ba su bi alƙibla ɗaya ba wannan dabarar ba ta da tabbas, sai an koma ga alwatika.

Ranar kafa turaku kawun ya sake tsayar da aiki. Sabuwar iyakar tsawonta wajen mita 61 ne, kunyar da za a tayar a kanta in ta yi faɗin rabin mita za ta ci sukwaya mita 30, ya ce, "To wagga ƙasa ta wa za a ci?" Aka bar igiyar a ɗaure aka tayar da kunyar a kanta, rabi ta gabas rabi ta yamma, kowa ya rasa 15.